'Yan Rakiyar Ranar Awo

Shekarun baya can, soja ba su daɗe da komawa bariki ba, fastocin 'yan takara ma ba su gama ɓanɓarewa daga bangon lungunmu ba, na samu aikina na farko a wani kamfanin kwamfuta. Kamfani dai a baki. Ɗaki biyu ne a saman wani bene, da janareta mai yawan tari, da oganmu, da mu uku masu yi masa aiki. Ni kaɗai ce mace, ni ce kuma ƙarama. Lokacin ba a fara cewa manhaja ba, firogiram muke cewa, kuma a gidanmu na cikin birni babu wanda ya san takamaimai abin da nake yi. Mahaifiyata in aka tambaye ta sai ta ce ina buga wa mutane takardu.

Bari in faɗa muku wani abu game da ni tun yanzu. A gidanmu an san ni da baki. Ba ƙarya nake yi ba, ba kuma gulma ba, kawai dai magana ba ta kwana a cikina. Tun ina ƙarama, in manya za su yi shawara sai a aike ni sayen ashana, ko da kuwa akwai ashanar a ɗaki. Har na girma na yi digiri ba a daina aikena ba.

Aikin da zan ba ku labarinsa na wani ƙaramin asibiti ne da ƙungiyar unguwa ta gina a gindin Dala, yawancin aikinsa awon ciki da karɓar haihuwa. Da farar hula suka hau, sabon kansila ya samo musu kwamfuta biyu, aka ajiye su a ofis an lulluɓe da zani, don babu wanda ya san me za a yi da su. Shi ne likitan asibitin ya hawo benenmu da kansa. Mutum ne mai tsari, ɗan Kano ne amma a wajen ganuwa ya girma, kuma ya daɗe yana karatu a ƙetare. Ya ce ranar awo zauren jira cika yake yi maƙil, ga zafi ga hayaniya. Bai daɗe ba wata mai tsohon ciki ta yanke jiki ta faɗi tana tsaye, alhali masu lafiya garau suna zaune a kan benci suna hira. 'Yan rakiya yake nufi. Kowace mai ciki sai ta zo da wata, wata ma da biyu. Abin da yake so a bayyane yake: kwamfuta ta ba kowace mace ranarta da lokacinta, a buga mata a kati, mai gadi kuma kada ya bar kowa ya wuce ƙofa sai mai kati. Kwamitin unguwa ya amince, kansila kuma yana so a yi bikin buɗewa farkon wata mai kamawa.

Likita bai gama sauka daga bene ba oga ya fara zana yadda fuskar kwamfutar za ta kasance. Ni kuma, da yake karatu bai huce a kaina ba, na ce ya bar ni in je asibitin in zauna tukuna. A jami'a akwai wani malaminmu da ya dame mu da magana ɗaya, cewa kafin ka tambayi abin da kwamfuta za ta yi, ka fara sanin wa ke neman me, a hannun wa, kuma don me. Oga ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce likita ya riga ya faɗi abin da ake so, me kuma zan je in jiyo? Na ce likita ya faɗi abin da shi yake so. Wallahi sai da ta fita na ji nauyinta. Ya ce in je, amma ranar da ya gama nasa zanen, nawa yawon ya ƙare.

Yadda ake abin ba wuya. Babban kwali nake samu, kowane mutum da aikin zai shafa in yi masa da'ira. A cikin da'irar in rubuta abin da yake nema, sannan in ja kibiya daga wurinsa zuwa ga wanda dole sai ya yi masa wani abu kafin ya samu. In ka gama sai ka ga wa ya dogara da wa, ka ga kuma inda bukatar wani ta taka ta wani. Mahaifiyata ta same ni ina yi a tsakar gida, ta tsaya ta kalla, ta ce ashe duk shekarun nan zanen ƙwai aka tura ni koyo.

Na fara zirga-zirga a kan acaɓa da kwalina a naɗe. Likita yana son tsari, yana kuma son duk wadda aka duba a san tarihinta. Malamin kati, wanda ke zaune a taga yana buɗe wa mata kati, yana son a daina yi masa ihu a ka. Mai gadi yana son doka guda wadda ba sai ya yi gardama da kowa ba. Unguwar zoma, wadda kowa ke kira Sista, dattijuwa ce marar yawan magana, ta ce ita duk yadda aka yi daidai ne, ta ci gaba da wanke hannunta. Masu cikin ma haka, na tambaya na tambaya, amsar ɗaya ce, Allah ya saka wa likita da alheri. In kun taɓa ƙoƙarin jin ra'ayin matan cikin birni a gaban jama'a kun san abin da na sha.

'Yan rakiya kuwa, da ƙyar ma na yi musu da'ira. Don dai malamin nan namu ya ce ko wanda tsarin zai kora, shi ma ya shafe shi. A cikin da'irarsu na rubuta kalma ɗaya, hira. Ban ja musu kibiya ko ɗaya ba, don ban ga abin da suke nema a wurin kowa ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Mace ta bar girkinta, ta ratso lungunan birni cikin wannan rana, ta zauna rabin yini a kan katako, kuma a ce ba ta neman komai? Hirar ai akwai ta a gida, kuma da inuwa.

Wata ranar awo ina zagayawa a zauren sai na hangi takalmin da na sani. Ni na zaɓe shi da hannuna lokacin haɗa lefen ƙanina. Na ɗaga kai, ga matarsa, wadda har lokacin Amarya muke ce mata don ba ta cika shekara a gidanmu ba. Yarinya ce mai kunya, irin wadda in ta gaishe ka sai ka sunkuya kafin ka ji. Tana ganina ta zabura ta durƙusa, ta ce maƙwabciyarmu ta rako, ga ta nan kusa da ita da ƙaton ciki. Na tsokane ta na ce to ta more, daga wata mai zuwa kwamfutata za ta kori 'yan zaman banza. Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Ni ko a jikina, na wuce.

Can wajen azahar na tuna akwai tambayar da ban yi wa Sista ba. Na tura ƙofar ɗakinta da sallama a bakina, amma ban jira an amsa ba, halina ke nan. Maƙwabciyar tamu, mai katin, tana zaune a kujera riƙe da jaka biyu. Amarya ce kwance a kan gadon awo, an naɗa mata abin gwajin jini a damtse.

Amarya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Sista ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Malama mai kwamfuta, rufe mana ƙofa."

A bayan ginin, ƙarƙashin wata darbejiya, Amarya ta same ni. Ba ta kalle ni ba har muka rabu. Ban ma bukaci dogon bayani ba, ni ma 'yar gidan ce. A gidaje irin namu ba a faɗar cikin fari. Yarinya tana zaune da uwar miji da baffanni da matan yayye, ta ina za ta buɗe baki ta ce za ta awo? Shi kansa ƙanin nawa, da ya sani, ba zai iya tsayawa gaban mahaifiyarmu ya furta ba. Sai dai cikin ya fito da kansa, kowa ya yi kamar bai gani ba. Buɗe kati kuwa shela ce. Malamin kati ɗan unguwa ne, sahu ɗaya yake sallah da iyayenmu maza, kuma ta taga zai ɗaga murya ya tambayi sunanki da na mijinki da na gidanku, sannan ya miƙo miki katin da kowace mace a birni ta san launinsa. Amma in kika ce za ki raka wance asibiti, babu mai hana ki, har albarka za a sa miki. In an gama duba mai kati, sai Sista ta ja labule ta duba 'yar rakiya.

Amarya ta ce, "Yaya, in aka hana shiga sai in haƙura har ya fito. Amma don Allah kada Umma ta ji daga bakinki."

Na ce ba za ta ji ba. Ni da kaina da na faɗa sai da na yi shakka, don na san wadda ta yi alƙawarin.

Da na koma ciki Sista ta ƙara mini wadda ta fi nauyi. Ta ce jinin yarinyar yana ɗan hawa. Ba abin tayar da hankali ba ne tukuna, amma irin wanda ba a ɗauke masa ido ne, musamman a cikin fari. Ta ce kuma ba ita kaɗai ba ce, in na dubi bencin nan da kyau, da yawa daga cikin masu riƙe jaka ba jaka ta kawo su ba. Abin da muke shirin ginawa, da hannuna a ciki, shi ne zai tsayar da matar ƙanina a bakin ƙofa.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa shan wuya irinsu ba. Tire ɗaya muke cin abinci da Amarya. Mahaifiyata ta ce yaya asibitin naku, sai in cika bakina da tuwo. Har ta fara tambaya ko ba ni da lafiya, don ba ta saba jin tsakar gida shiru ina nan ba. Na yi tunanin in faɗa mata a wuce wurin, ita ai uwa ce. Amma na yi alƙawari, kuma ko na faɗa, mutum ɗaya na fitar, sauran da ke kan bencin fa?

Na koma kan kwalina. Na goge hira daga da'irar 'yan rakiya, na rubuta: a duba ni ba tare da an sani ba. Na ja kibiya zuwa ga mai kati, don sai da ita za a fito daga gida. Na ja zuwa ga mai gadi, don sai ya bari za a shiga. Na ja zuwa ga Sista. Da'irar da muke shirin sharewa ita ta fi kowace dogara da mutane, kuma dokar likita guda ɗaya ta datse kiban duka. Na nuna wa oga. Ya ce kwangila muka karɓa, ba gyaran al'umma ba. Amma ya yarda in gabatar a zaman kwamiti, ina jin don ya tabbata za su ƙi, in huta in bar shi ya huta.

Kafin zaman na je wurin Sista, don maganar za ta tona ta, ita ce ke duba mutane ba kati. Ta daɗe tana goge abin jin bugun ciki, sannan ta ce in faɗa, ta gaji da yi a ɓoye, amma kada in kama sunan kowace yarinya.

An yi zaman bayan la'asar a barandar asibitin. Ga likita, ga kansila, ga oga, ga dattawan kwamiti. Abin da na manta shi ne baffana, ƙanin mahaifinmu, wanda ɗakinsa ke kallon na Amarya, yana cikin kwamitin. Ina shimfiɗa kwali muka haɗa ido. Ku duba mini, budurwa ta tsaya gaban baffanta tana maganar ciki. Sai kewaye-kewaye nake yi, masu lalura, masu juna biyu. Amma na bi da'irorin ɗaya bayan ɗaya, na nuna abin da kowa ke nema, har da kansila, wanda na rubuta masa zaure mai kyan gani ranar biki, aka yi dariya. Sannan na zo kan 'yan rakiya na faɗi abin da na gano.

Dariya ta ɗauke. Ran likita ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Ya ce in har hakan na faruwa, to ana duba mata a asibitinsa ba tare da an rubuta komai ba, ranar da wata ta samu matsala wa zai san daga ina aka taso? Ya ce kuma shi ba zai rushe tsari a kan zanen kwali ba. In gaskiya ne in ba shi misali ɗaya, suna ɗaya tak, ya kira ta ya ji daga bakinta.

Kafin in ce komai baffa ya gyara murya. Ya ce shi dai bai san wannan ba, ko a wasu gidajen. Su a gidansu in mace na da lalura ai sai ta faɗa, babu mai cin mutum. Ya juyo gare ni ya ce, "Ko ba haka ba ne, 'yata?"

Jama'a, sunan nan ya zo har kan harshena. Kalma ɗaya, na gama da baffa, na gama da likita, na gama da oga da ke taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ban taɓa samun amsa mai daɗi irin wannan a rayuwata ba. Na haɗiye ta, sai da na ji ta wuce kamar ƙashin kifi.

Na ce wa baffa haka ne. Sannan na juya ga likita na ce, "Likita, in na ba ka suna ɗaya, na yi musu abin da suke gudu ke nan. Ba zan bayar ba. Amma ranar awo mai zuwa ka tsaya a tagar ofishinka, ka dubi wadda ta shiga ɗakin Sista riƙe da jaka, ka ga abin da take yi da damtsenta in ta fito."

Kansila ya fara ƙorafin lokaci na ƙurewa. Wani dattijo a kwamitin ya ce masa a da umarni ake aiko musu daga sama, yanzu da aka ce ana tambayar mutane, to a bari a tambaya har ƙarshe. Aka tashi a kan za a jira ranar awo. Baffa kuma ya kai ƙarata gida cewa na yi wa likita tsaurin ido a gaban manya.

Ranar awo na tsaya a bayan likita a bakin taga. Ban yarda na dubi ɓangaren da Amarya take ba. Mata biyu suka shiga, suka daɗe, suka fito. Mai cikin tana gyara ɗaurin zani, mai jakar kuma hannunta na ƙarƙashin mayafi tana murza damtse inda abin gwajin ya matse ta. Wasu biyun suka shiga, wannan karon 'yar rakiyar tsohuwa ce, ta fito ba ta murza komai ba, likita ya waiwayo ya kalle ni. Na yi addu'ar da na sani da wadda ban sani ba. Na bayansu suka fito, murza. Na bayansu ma, murza. Bai sake waiwayowa ba, ya tsaya a wurin har shayinsa ya huce.

Da aka tashi ya aika a kira Sista. Na ce a raina shi ke nan, na jawo wa baiwar Allah. Ya tambaye ta tun yaushe, ta ce tun kafin ya zo. Ya ce in wata ta samu matsala fa, babu tarihinta a ko'ina? Ta ce abin da ke damunta ke nan kullum, a ka take riƙe su, kuma kan ya fara tsufa. Sannan ya ture takardunsa gefe ya ce in shimfiɗa kwalin, mu ga yadda za a yi kowa ya samu nasa.

Mu uku muka zauna a kansa. Maimakon a ba kowace mace lokacinta ita kaɗai, aka raba yinin lungu-lungu, waɗannan da safe, waɗancan da hantsi, wasu bayan azahar, don maƙwabta su riƙa zuwa tare kuma zaure ya daina cika. Kowane kati zai shigo da 'yar rakiya. Kwamfuta ɗaya ta koma ɗakin Sista, a can za a buɗe wa 'yar rakiya tarihinta bayan an rufe ƙofa, ba kiran suna, ba katin kaiwa gida. Likita da kansa ya hango abin da ni ban hango ba, ya ce in wadda ake rakowa ta haihu fa, 'yar rakiyar ta bi wa? Shi ya sa muka ɗaure ranarta da lungunsu, ba da mutum ɗaya ba. A lungun birni kuwa ba a rasa wadda za a raka.

Oga ya zubar da rabin abin da ya zana, yana yi yana mita. Daga baya na ji shi da kunnena yana gaya wa wasu masu kawo aiki cewa su a kamfaninsu ba sa taɓa kwamfuta sai sun zana mutane tukuna. Ban ce komai ba, kun ga na fara koyo. Kansila ya samu bikinsa, aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto da zaure fes.

Amarya ta ci gaba da rakiya. Maƙwabciyarmu ta haihu, ta koma raka wata. Cikin ya fara nunawa, gidanmu kowa ya ɗauke kai kamar yadda aka saba, amma har lokacin babu wanda ya furta, ita ma ba ta fasa cewa rakiya za ta ba. Wata ranar awo Sista ta gwada ta, ta dubi na makonnin baya a kwamfuta, ta ga yadda abin ke hawa ba sauka, ta kira likita. Bai bar ta ta koma gida ba. Aka aiko cewa Amarya ba ta jin daɗi. Mahaifiyata ta yafa mayafi, ta ɗauki fulas da zannuwa, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Kwanakin nan mun ga tashin hankali, ba na son in tuna su dalla-dalla. Ta haihu kafin lokaci, 'yar mitsitsiyar yarinya, amma da kukanta, uwar ma Allah ya tashi kafaɗunta.

A baranda likita ya ci karo da ni ina riƙe da kwanon abinci a bayan mahaifiyata. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin da Amarya take, ya sake dubana. A hankali ya ce, "Ashe shi ya sa kika hana ni suna." Na ce ina wuni, Likita, na wuce.

Tun daga lokacin na yi ayyuka da yawa, wasu manya ƙwarai, waɗanda in na faɗa za ku ce alfahari nake yi. To alfaharin nake yi, amma ba da su ba. Wancan firogiram ɗin in kuka gan shi yau dariya za ku yi, yaron da ya fara koyo zai rubuta wanda ya fi shi. Abin da nake taƙama da shi an yi shi ne kafin a rubuta layi ɗaya. Yanzu in matasa suka zo koyon aiki a wurina, na kan ce musu wanda ya kawo aiki zai faɗi bukatarsa da baki, wannan ba wuya. Ku nemi wanda aka ce a kora, ku zauna kusa da shi, don sau da yawa shi ne ba zai iya faɗar tasa ba. In kun gano ta kuma, ku san yadda za ku kare ta ba tare da kun tsiraita mai ita ba.

Ni da Amarya ba mu taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya. Ba ta ce na gode ba, don in ta ce ta amsa ke nan. Amma ranar suna, da maza suka shigo daga ƙofar gida bayan an shafa fatiha, sai na ji mata sun ɗauki guɗa suna nuna ni. Sunana aka raɗa wa yarinyar. Na tare ƙanina a soro na ce shi kuma wane neman suna ne wannan, ga iyaye ga kakanni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni na zaɓa ba, Yaya. Ita ta ce."

Takwarar tawa yanzu ta fi ni tsawo. 'Yar fari ce, sunan kuma na yayar miji ne, saboda haka uwarta da laƙabi take kiranta tun tana zanin goyo. Amarya ce ta zaɓi sunan nawa da kanta, kuma har yau ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba.